Sandar da Na Lanƙwasa a Tankin Innarki

Zuwa ga ɗiyata Ramatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da hanyar da ba ki gama ba tukuna. In kin bi abin da na ce miki a gar, wato tasha, to yanzu kar ɗin da ta ɗauko ku ta bar Doso a baya, kin sha ruwa, kin gyara zama, sannan kika buɗe wannan takarda. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya sanyaya ƙafar direba, ya sauke ku Tawa babu abin da ya taɓa ku.

Kin san ni ba marubuci ba ne. Aji shida na bar karatun lakwal na shiga kasuwar Wadata, tun daga ranar bakina ke ci da ni. Mutum zai zo neman robine ɗaya na pampo, ya tafi da biyu yana yi mini godiya. Amma akwai maganar da bakin nan ya yi shekara biyu yana taunawa ya kasa fitarwa, shi ya sa na ba hannu aikin.

Bari mu fara da abin da kika tambaya. Ranar da kika dawo daga ganin gidan da za ki haya kusa da lakwal ɗin da aka tura ki koyarwa, kin ce ɗakin ba laifi, mai gidan ma mutumin kirki ne. Sai dai tankin shas, mai kora ruwa a masan ban-ɗaki, ba ya cika, a rabi yake tsayawa, in an ja ba ya tafiya da komai sai an bi shi da bokiti. Kika ce, "Irin namu na da, Baba." Kika shige ɗaki. Ni kuma na zauna da tuwo a gabana har ya yi fata.

To ga gyaran, kuma kada ki ba wani plombiye, mai gyaran pampo, ko dala a kansa. A cikin ledar da na cusa gefen jakarki akwai turnabis na murɗa kusa, da sabuwar fulotar, da robar ƙasan tanki. Akwai wani abu naɗe a jarida, shi bar shi tukuna.

Ki ɗaga murfin tankin da hannu biyu, ki ajiye shi a ƙasa kan tsumma, ba a bakin kwanon masai ba. Murfi shi kaɗai ba a sayar da shi, na ga manyan mutane sun yi kamar su yi kuka a gaban shagona saboda murfi. Za ki ga wani tiyo tsaye a tsakiya, bakinsa a buɗe. Ruwa ya kamata ya tsaya kamar yatsa biyu ƙasa da bakin nan. In yana can ƙasa, fara duba ƙaramin robinen da ke jikin bango, ki buɗe shi har ƙarshe. Rabin waɗanda ke zuwa wurina da kukan tanki ba ya cika, robine ne wani ya rufe rabi ya manta. Ni kuwa sai in girgiza kai, in yi tsaki, in sayar musu da kayan ciki gaba ɗaya. Kada ki yi mamaki, ubanki ne.

In robine a buɗe yake, ki zuba ƴar bula ta wanki cikin tankin, kada ki ja, ki je ki yi salla ki dawo. In kin tarar ruwan kwano ya yi shuɗi, robar ƙasa ce ta taurare tana yoyo, ki cire ki sa wadda na ba ki. In bai yi ba, ki rufe robine, ki kwance bakin tiyon da ke kawo ruwa, akwai ƴar rariya a ciki da yashi ke toshewa, ki wanke ta da tsohon buroshin haƙori. In duk wannan lafiya lau ne, to fulotar ce, ƙwallon nan mai yawo a kan ruwa. Ita ke ce wa ruwa tsaya. In ta zauna ƙasa, da wuri za ta rufe masa baki. Ta zamani tana da ɗan bis, wato kusa mai murɗawa, na roba a sama, ki murɗa shi kaɗan, ki ja shas, ki ga inda ruwa ya tsaya, ki ƙara ko ki rage. Ta da, mai sandar jan ƙarfe, sandar ake ɗagawa sama da hannu a hankali.

Aikin ke nan. Bai kai dahuwar shayi ba.

Amma kafin ki taɓa fulotar, ki tsane cikin tankin da tsumma, ki haska da wayarki, ki bi bangonsa da farce tun daga sama. Domin fulotar ba ta cika sauka da kanta ba, Ramatu. Sau da yawa wani ne ya saukar da ita, kuma yana da dalilinsa. Ni na san dalilin, don ni na saukar da ta gidanmu.

Kina aji uku a kwalej lokacin da gwiwoyin innarki suka fara. Tsuguno ya gagare ta, sai ta dafa bango take tashi. Ta ce mini, ba da faɗa ba, tunda mijinta ke sayar wa rabin unguwarmu Banifandu masai na zama, ko za a tuna da na cikin gida. Na ce an gama. A makon nan wani ma'aikaci ya mayar mini da tanki, ya ce yana tsattsafo. Na duba, sai ga tsaga siririya kamar gashi a bangon baya, ta taso daga baki ta gangaro kamar tsawon yatsa. Mai kawo mana kaya ba ya karɓar abin da ya fashe. Tankin ya zauna a lungun shago yana kallona, ina kallonsa. Mu ƴan kasuwa muna da dabarar irin wannan: a sa pansi, irin awartakin nan, a lanƙwasa sandar fulotar ƙasa, ruwa ya tsaya kafin ya kai tsagar, mai saye ba zai gani ba sai bayan ka manta fuskarsa. Na ce a raina, maimakon in cuci baƙo ya dawo ya tara mini jama'a, bari in kai gida. Na ɗauka ma adalci na yi.

Na ɗora shi a amalanke da rana tsaka, na biyo bayansa ina gaisawa da mutane don kowa ya gani. Innarki ta yi guɗa, ta aika wa maƙwabta da ƙosai. Da aka haɗa aka ja, ruwan ya zubo kamar wanda ke jin kunya. Ta dube ni. Na ce presiyon ruwan kartiye ne, wato ƙarfin ruwan unguwa, kowa ya san Banifandu ruwa ba shi da ƙarfi, ta ajiye bokiti kusa kafin kamfanin ruwa ya gyara.

Wannan kuskure na farko ke nan, kuma ga abin da nake so ki ɗauka. Abin da kika san ba za ki iya miƙa wa baƙo ba tare da kin sunkuyar da kai ba, kada ki kai shi gida. Mun saba mu ba na waje mai kyau don yana iya zaginmu, mu ba na ciki saura don mun san ba inda zai je. Ke yanzu za a ba ki ƴaƴan mutane, za ki yi musu magana mai daɗi tun safe har azahar. In Allah ya ba ki naki gida, kada ki riƙa kai musu gajiyar da ta rage.

Na ce miki zan canza tankin in kasuwa ta buɗe? Haka na ce wa kaina. Kasuwa ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Tankuna sabbi fil suna jibge a shago cikin kwali har rufi. Kullum na yi niyyar ɗauko ɗaya, sai in tuna in na kawo za a tambaye ni me ya samu wancan, sai in fasa. Ba kuɗin ba ne, kada ki yi mini wannan uzurin. Bayanin nake gudu.

Wata rana ina shago innarki ta gaji, ta aika aka kira Hamani plombiye, Bazabarmen nan mai gajeren gemu da ke sayen kaya wurina. Allah ya sa na dawo cin abinci na same shi a ban-ɗaki, murfi a ƙasa, yana shafa bangon tanki da babban yatsa. Ya ga sandar, ya ga inda pansi ya cije ta, ya ga tsagar. Ya ɗago ya dube ni. Innarki na tsaye a bakin ƙofa, ta dafa gwiwa. Ido ɗaya na kanne masa. Hamani ya mayar da murfi, ya ce wa innarki da Hausarsa mai karyewa wai presiyon ne, sai haƙuri. Na raka shi ƙofa ina yi masa ba'a, ina cewa Bazabarme bai taɓa ganin ruwa mai yawa ba sai a kogin Isa. Bai yi dariya ba. Ya ce mini, "Alhaji, matarka ce fa." Ya hau babur ya tafi. Bai ƙara taka shagona ba, ni kuma na riƙa gaya wa mutane aikinsa ya lalace.

Na biyu ke nan. In ƙaryarki ta kai inda sai kin ɗauko wani ya riƙe miki gefenta, to ta fi ƙarfinki, ki sake ta a nan. Kuma duk wanda ya ga abin kunyarki ya fasa dariya da ke, ki riƙe shi. Ni korar nawa na yi, na bar masu cewa Alhaji akwai wayo.

Daga nan bokiti ya zama ɗan gida. Kin fi ni sanin sauran. Ke kika ɗauke wa innarki, ba wanda ya sa ki. Kowace safiya kafin ki fita, sai kin cika shuɗin bokitin nan a pampon tsakar gida kin kai bakin ban-ɗaki, da yamma ki sake. Kin gama kwalej kina yi, kin gama lise kina yi, kin shiga makarantar malamai kina yi. Ina zaune kan tabarma da kofin shayi ina kallonki kina rangaji da shi, har nakan ce Allah ya yi miki albarka. Shekara bakwai. Mutum yana sabawa da komai, musamman in ba bayansa ke ɗauka ba.

Sai ranar jarrabawarki. Kin makara, kin fita da gudu da takardu a hammata, bokiti na kife a gindin pampo. Ni na riga ki fita. Innarki ta cika shi da kanta, ta ɗauko, ruwan ya fantsala a kan karo, tayil ɗin ƙasa, ƙafarta ta zame. Maƙwabciya ce ta ji ta. Ƙashin ƙugu, in ji likita. Wata huɗu tana kwance, jikin da dama ba ƙarfi gare shi ba, ciwo ya kira ciwo, har Allah ya karɓi abinsa.

A barandar asibiti, ranar farko, kika tsuguna a gabana da rigar jarrabawa a jikinki, kika ce, "Baba, ni ce. Ban cika bokitin ba."

Kin tuna abin da na ce? Na dafa kanki na ce ƙaddara ce, kowa da ranarsa, ki daina faɗin haka. Magana mai kyau, ko malami ba zai gyara ta ba. Amma ni na san abin da na yi. Na ga kin ɗauki kaya kin ɗora a kanki, na san nawa ne, sai na gyara miki gammo. A kasuwa in mai saye ya faɗi kuɗin da ya fi wanda ke bakinka, ba ka gyara masa, shiru kake yi ka fara ɗaure kaya. Wannan shirun na yi miki.

Akwai abin da ba ki sani ba. Ana saura kwana kaɗan ta rasu, da la'asar, kin tafi sayen magani, muka rage ni da ita. Ina yi mata fifita ina zuba surutu, ina gaya mata in ta warke zan sa a cire karon nan mai santsi, zan kai ƙarar kamfanin ruwa, zan yi kaza zan yi kaza. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Alhaji, na ga tsagar. Tun shekarar farko, ina wanke cikinsa."

Na ce wace tsaga. Ki ji fa, mace na kan gadon mutuwa, ni ina ciniki.

Ta ce, "Ina jira ne in ga ranar da za ka kawo sabo da kanka. Ni na yafe. Amma ka faɗa wa yarinyar nan, kada ta tafi da shi."

Na ce insha Allah. Kin dawo da magani, na tashi na ba ki kujera.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka watse, kin raka danginmu ƴan Konni gar. Na je shago na ɗauko tanki sabo a kwali, na haɗa shi da hannuna. Kafin ki dawo an gama, har na share wurin. Da kika ji ƙarar ruwa kika tambaya, na ce kamfani ya gyara presiyon. Kika tsaya a bakin ƙofar kina kallon shuɗin bokitin, kika ce da sun gyara wata biyar baya. Na ce wallahi kuwa. Tsohon tankin na farfasa shi a bayan shago. Sandar ce na kasa jefarwa.

Shekara biyu ina kallonki. Kin daina cin abinci tare da ni, ba don fushi ba, don kina jin kunyar mutumin da kike ganin kin raba da matarsa. Kina wanke mini kaya, kina yi mini sannu sau goma a yini, kamar mai biyan wani abu. Kowace Juma'a kina kai sadakar ruwa masallaci, kina tsammani ban lura ba. Da aka zo rabon wuraren aiki, ƙawayenki na ta neman hanya a bar su Yamai, ke kika rubuta Tawa da hannunki. Kin ce don an fi bukatar malamai a can. Ni ɗan kasuwa ne, na san muryar wanda ke faɗin dalili na biyu ya ɓoye na farko. Gidan nan kike gudu, da ƙofar ban-ɗakin nan.

Na uku ke nan, kuma shi ya fi nauyi. Ban san yadda zan mayar miki da shi nasiha ba. Abin da na sani kawai, in kin ga wani ya ɗauki laifinki yana tafiya da shi, ki tsayar da shi a ranar, ko da a gaban jama'a ne. Kwana ɗaya in ya wuce, na biyu ya fi sauƙin wucewa. Kullum nakan ce bari ta gama jarrabawa, bari a yi arba'in, bari azumi ya wuce. Gaskiyar ita ce ina son yadda kike kallona. Tun da innarki ta tafi, ke kaɗai kika rage da ke ganina mutumin kirki, na ƙi sayar da wannan ko nawa aka taya.

Yanzu ki buɗe abin da ke cikin jarida. Sandar ce. Ki juya ta wajen haske, ki duba tsakiya inda ta karkace, za ki ga haƙoran pansi guda biyu. Hannuna ne. Ba presiyon ba ne, ba kamfani ba ne, ba jarrabawarki ba ce. Bokitin nan bai kamata ya kasance a gidan ba tun farko. Safiya ɗaya kika manta shi cikin shekara bakwai. Ni ban manta ba ko sau ɗaya, kullum ina sane.

Kuma kada ki ɗauka na zama waliyyi don na rubuta wannan. Da na ce kada ki buɗe sai kun wuce Doso, ba don ki huta ba ne. Na lissafa ne: daga nan ba za ki iya sauka ki dawo ki dube ni ba. Na san hanyar, na san inda kar ba ta tsayawa. Ko gaskiyata sai da na sa mata wayo. Haka ubanki yake, gara ki san kayan da aka ba ki.

Ba na ce ki yafe mini ba. Innarki ta yafe, kuma kin ga bai gyara ni da wuri ba. In kin ga dama ki gaya wa yayanki da ke Kwatano, in kin ga dama ki gaya wa ƴan Konni duka, ba zan musa ba. Jiya na je har gidan Hamani, na same shi yana wanke babur. Na gaya masa zan faɗa miki. Kujera dai ya miƙo mini. Abin da nake roƙo guda ne: ki sauke kayan nan. Ki ci abinci. Sadakar ruwa ki ci gaba in kina so, amma ki yi ta don innarki, ba don wani laifi naki ba, babu shi.

Sauran ƙananan abubuwa. Ki gaida mai gidan da girmamawa, amma ranar farko ki sa shi ya tsaya a ɗaga murfin a gabansa. In kin samu tsaga a bangon tankin, kada ki ɗaga fulotar, ruwa zai malale miki a ƙasa ki zame. Ki ce ya canza tanki. Zai ce presiyon ne, zai ce kowa a kartiye haka yake fama, zai ce wata mai zuwa. Ki dubi idonsa ki ce ubanki ɗan Wadata ne, kin san zancen. Kada ki yarda da bokiti ko na mako guda. Na mako guda ne ke zama shekara bakwai.

In kuma babu tsaga, ki murɗa bis ɗin, ki ja, ki jira. Za ki ji ruwa na hawa, ƙarar tana sirancewa, sannan ta ɗauke ɗif. In kin kai nan, ina da roƙo, kuma kina da ikon ƙi. Ki kira ni ki ajiye wayar a bakin tankin. Ba sai kin gaishe ni ba, ba sai kin ce uffan ba. In ji ya cika ya tsaya, sai ki kashe. Wayata na aljihun gaba, na ƙara mata ƙara yadda ko hayaniyar Wadata ba za ta rufe ta ba. In ba ta yi kuka ba, na san dalili, ba zan aiko kowa ya tambaye ki ba.

Allah ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoronsa, ya sa yaran da za ki koyar su ji maganarki. Ya tsare ki daga zazzaɓi, da santsin ƙasa, da mai daɗin baki irina. Allah ya jiƙan innarki Hajara, ya sanyaya makwancinta, ya shayar da ita ruwan da ba sai ta ɗauko ba.

Ni ne ubanki,
Alhaji Idi na Wadata